Ranar da muka je kallon ruwa a Madarunfa

Ƴan uwa mata na ƙungiyoyin asusu. Da yawa cikinku sun aiko suna tambayar labarin tafiyar da muka yi bayan kaka, wasu don sha'awa, wasu kuma don sun ji an ce saura ƙiris mu baro gawa a can. To ga labarin yadda yake, da daɗinsa da rashin daɗinsa, har da lissafin kuɗin, don a daina jinsa guntu-guntu a bakin famfo.

Daga wayar salula abin ya taso. Wata ranar zubi a Tasawa, an gama ƙirga kuɗi, an rufe akwati, masu makullai sun ɗaure nasu a haɓar zane, sai ɗiyar ma'ajiyarmu, ƴar shekara 13, ta miƙo wayar yayanta ta ce mu ga wani abu. Wani ƙaton rami ne cikin dutse, ruwa kwance a ƙasansa, kore shar, ana hango duwatsun ciki, ga matakala an gina ta sauka har bakin ruwan, mutane maza da mata na ta iyo. Sakatariyarmu, wadda malamar lakol ce, ta ce a ƙasar Oman yake, kusa da teku, kan hanyar Maskat zuwa Sur. Mutanen wurin suna ce masa Hawiyat Najm, suna cewa tauraro ne ya faɗo ya huda ƙasa. Masu ilimin ƙasa kuwa sun ce ruwa ne ya yi ta cin dutsen ta ƙarƙashi shekara da shekaru har ya zama kogo, rannan rufin kogon ya rufta. Ta ce a Meziko ma akwai irinsa birjik, baƙi na zuwa daga ko'ina.

Waya ta zagaya har ta kai hannun Gwaggo, wadda ta fi mu shekaru duka. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce: “Yanzu waɗanga mutane kuɗi sunka biya su tahi su ga ruwa? Ba ɗiba za su yi ba?”

Muka yi ta dariya. Amma maganar ta zauna mana. Mu dai ruwa a wajenmu aiki ne. Layin bido ne tun asuba, ko igiya da guga da ciwon kafaɗa. Ƴan uwanmu na Mayahi suna zaune bakin Gulbin Kaba, amma suna ne kawai gulbi, abin da ke cikinsa goruba ne da rairayi. Da aka tambaya, cikinmu mutum uku ne kaɗai suka taɓa ganin ruwan da ba a iya jefa dutse ya tsallake shi. Nan malama ta ce ai mu ma muna da namu a cikin jiharmu ta Maraɗi, ba rami ba ne cikin dutse, domin ƙasarmu rairayi ce, amma tafki ne da baƙi ke zuwa gani: tafkin Madarunfa.

Ba a ranar aka yanke ba. An yi wata guda ana ja. Wasu suka ce a ɗiba daga riba tun da kuɗinmu ne. Ma'aji ta ce ko dala ba za ta fita daga akwati don yawo ba, kuma da gaskiyarta, domin akwai masu jiran rance na sayen abincin tumaki, akwai kuma waɗanda ba za su je ba amma da haƙƙinsu a ciki. Sai aka yi zubi na daban: dala hamsin kowane mako, mako 20, jika biyar ke nan kowace. Neman izinin iyayen gida ya fi tara kuɗin wuya. Mata huɗu sun yi zubi har ƙarshe amma aka hana su, muka mayar musu da kuɗinsu cif. Wani maigida cewa ya yi bai taɓa jin mace ta bar gidanta don ta kalli ruwa ba, in ziyara ce dai ya yarda. Da aka gaya masa akwai kaburburan waliyyai a wurin, sai ya ce to ta yi masa addu'a. A ƙarshe muka tashi mu 17, 11 daga Tasawa, 6 daga ƙungiyar ƴan uwanmu ta Mayahi, sai yarinyar da ta jawo mana abin, wadda muka ɗauka kyauta.

Mun kauce wa Lahadi saboda kasuwar Tasawa, muka sa Laraba. Ana sallame asuba Hiace ta tashi. Gazawa, Agye, sai Caduwa inda ƴan Mayahi ke jiranmu bakin kwalta da tabarmin kaba da goran fura, suna rawar ɗari. A shingen jandarma aka karɓi takardun shaida, wani ya leƙo ya ce biki za mu ko ta'aziyya. Shugaba ta ce yawon buɗe ido za mu. Ya sake dubanmu, ya maido takardu bai ce komai ba. Daga Maraɗi muka bi hanyar Ɗan Isa mai zuwa iyakar Jibiya, muka wuce lambunan Jiratawa da zogalensu, sannan muka ratse. Tsakanin Maraɗi da Madarunfa bai wuce kilomita 25 ba, amma sai ka ce wata ƙasa aka shiga. Itatuwa manya, ƙasa baƙa, iska da ɗanshi.

Da mota ta tsaya muka fito, surutun da aka yi tun daga Tasawa ya ɗauke ɗif. Ruwa ne shimfiɗe, itatuwan wancan gefen sun zama ƙanana kamar tsintsiya. Ba kore ba ne irin na waya, kalar kunun kanwa gare shi kusa da baki, can tsakiya kuma ya ɗauki kalar sama. Bado ya rufe wani sashe da fararen furanni. Bagaruwa tsaye cikin ruwa har gindi, balbela sun yi mata fari fat. Garken kirinjijiya ya tashi da kuka ya sake sauka. Wata ƴar Mayahi ta ce a hankali: “Duk wanga, kuma ba mai layi.”

Shugaba ta yi dabara tun kafin mu zo, ta sa wani ɗan uwan mijinta da ke Maraɗi ya haɗa mu da wani dattijo masunci. Da ɗan gari akan ci gari. Muna ce masa Baba, yana ce mana ɗiyana, har Gwaggo da ta kusa sa'arsa. Shi ya nuna mana inda ruwa ke shigowa. Tafkin kwari ne da gulabe ke cikawa da damina, musamman Gulbin Gabi, da kuma ambaliyar Gulbin Maraɗi wanda ke tasowa daga ƙasar Katsina, ya shigo Nijar, ya bi ta Maraɗi, ya sake komawa Najeriya. Faɗinsa ya haura hekta 500, sai dai ba ya tsayawa wuri ɗaya: da kaka ya cika ya bazu, da rani ya ja baya, manoma su bi shi da shuka. Baba ya ce tun da aka yi madatsar Jibiya wajajen 1990 gulbi bai koma kawo ruwa kamar na ƙuruciyarsa ba, ga rairayi na cike tafkin kowace shekara. Malama ta ƙara mana da cewa a 2019 an sa Madarunfa cikin jerin wuraren ruwa da duniya ta yarda a kiyaye, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971, saboda tsuntsaye da kifin da ke rayuwa a nan. Baba ya ce ya ji labarin, amma bai ga ta kwashe rairayi ba tukuna.

Muka fara da ziyara, don mu sauke alkawarin da muka ɗauko. Mutanen garin na cewa waliyyai 99 ne ke kwance kewaye da tafkin, kuma tun daga nesa ake zuwa neman tubarraki. Ba mu zaga duka ba, ba ma zai yiwu a wuni ɗaya ba. Mun tsaya a waɗanda ke kusa, muka yi addu'a ga iyayenmu da waɗanda suka bar mu muka zo da waɗanda suka hana, muka ba da sadaka.

Sai jirgi. Kashi uku aka yi mu. Wadda duk ta sa ƙafa sai jirgin ya karkata, sai salati. Ma'aji, wadda ba ta tsoron kowa ranar tara, ta riƙe gefen jirgi da hannu biyu ido rufe har aka dawo. Mun ga masu jefa birgi, mun ga wani yaro kwance kan ƙaton gora yana tuƙi da hannu yana duba mamarinsa. Karfasa da tarwaɗa suka fi yawa a abin da aka kamo, sai gaiwa ɗaya da aka ɗaure daban saboda cizo.

Rana ta take, muka yi azahar, sai maganar wanka ta taso. Gaskiya ita ce ta kawo mu, ko da ba wadda ta faɗa a gida. Baba ya kai mu wani lungu bayan bagaruwa inda matan gari ke wanki, ya kori samarin da ke wurin, ya kafa sandar tuƙinsa cikin ruwa ya ce: “Ɗiyana, daga nan zuwa nan. Kada wadda ta wuce sandar ga.” Ya koma can nesa ya juya mana baya yana gyaran koma. Malama ta ce ita ba za ta shiga ba, ta kuma ce mu ma da mun haƙura, saboda tsargiya. Muka ji ta, muka ɗaura zannuwa a ƙirji muka shiga.

Ƴan uwa, ba mu san yadda za mu kwatanta muku ba. Mace ta shekara 40 tana wanka da rabin bokiti, tana lissafin abin da za ta rage na alwala da na wanke tukunya, yau ga ta zaune cikin ruwa har wuya. Sanyi ya fara dukanmu, can jiki ya saba. Taɓo na shiga tsakanin yatsu, ƙananan kifi na tsungulin ƙafa, ana ihu ana dariya. Gwaggo ta zauna inda ruwa bai wuce cibiya ba, tana ɗiba da hannu biyu tana zubawa a ka, ta sake ɗiba ta sake zubawa, ba ta ce da kowa komai ba. Wata ta ce rabonta da wasa tun kafin a kai ta ɗaki. Mun watsa wa shugaba ruwa, ba a ci tararmu ba.

Cikin wannan ne yarinyar ta wuce sanda. Bado take so ta tsinko, bai fi taku biyar ba. Muna ganinta ruwa a ƙirji, sai kawai babu ita. Ta ɓullo, ta sake nutsewa. Ba ta yi ihu ba, wannan ya kamata ku sani: mai nutsewa ba ya samun bakin kira, hannu kawai muka gani yana dukan ruwa. Uwar ta zabura za ta bi ta, mata biyu suka riƙe ta da ƙarfi, kuma da ba su riƙe ta ba da biyu za a nema. Mata 16 tsaye cikin ruwa, babu ko ɗaya da ta iya iyo. Abin da muka iya shi ne kururuwa. Malama da ke tudu ita ta ruga ta kira Baba. Tsohon nan bai ko tuɓe riga ba, ya fizge sandar da ya kafa, ya shiga har wuya, ya miƙa mata. Karo na biyu ta kama. Ya jawo ta, ya kwantar da ita ta gefe a kan tabarma, ta yi ta amai da tari, can ta fashe da kuka. Ba mu taɓa jin daɗin kukan yaro kamar na ranar ba.

Da hankali ya dawo, Baba ya yi mana faɗa, kuma mun ci faɗan. Ya ce ƙasan tafki ba faranti ba ne. Da rani in ruwa ya ja baya, masu lambu kan haƙa ƴan rijiyoyi a wurin don ban ruwa, in damina ta zo ruwa ya rufe su, daga sama ba ka ganin komai. Cikin irin wannan ramin ta faɗa. Ya ce: “Ruwan ga ba su da mugunta, amma ba su san baƙo ba. Ku kun ga sanda, ni ramu nika gani.” Ya kuma ce in haka ta sake faruwa a ko'ina, wanda bai iya iyo ba kada ya shiga: a miƙa sanda, ko a kwance zane a jefa gefe ɗaya, ko a jefa bido marar komai mai murfi, ya isa ya riƙe mutum a sama. Bido dai ba gidan da babu shi cikinmu, amma ba mu taɓa sanin yana wannan aikin ba.

Laifin namu ne, ba na yarinya ba. Mun kawo ta, muka shagala da wasanmu. Ramin Oman da muka gani a waya yana da matakala da shinge, an gyara shi don baƙi. Madarunfa wurin neman abincin mutane ne, ba a gyara shi don masu wanka ba, kuma ba wanda ya ce mana an gyara.

A mota malama ta samu bakin magana, wannan karon kowa ya saurara. Tsargiya, wato fitsarin jini, ba sai an sha ruwa ake ɗaukarta ba. Ƙwayar cutar na zama cikin ƙananan dodon koɗi na ruwan da ke kwance, ta fito ta huda fata ta shiga jiki, ba a ji ba a gani. Sai bayan makonni alamu ke fitowa. A ƙauyuka har yanzu akwai masu cewa yaro in ya yi fitsarin jini girma ne ya zo masa, alhali ciwo ne mai lalata mafitsara in ya daɗe. Ga mata kuma takan taɓa mahaifa da gaba, a yi ta shan maganin sanyi a banza. Maganinta Praziquantel, shi ne ƙwayoyin nan da ake auna tsawon yara da sanda a raba musu a lakol, abin da aka soma a ƙasarmu tun 2004. Da muka dawo mun je likita mun faɗi inda muka shiga. Majo ya ce mu koma bayan wata biyu a duba fitsari, domin maganin bai cika kashe tsutsar ba sai ta girma. Mun rubuta ranar a littafin ƙungiya, kuma wadda ba ta je ba akwai tara.

Ba mu kai la'asar a can ba. Tun a Maraɗi aka gargaɗe mu kada yamma ta yi mana a yankin, saboda ƴan bindigar da ke addabar ƙauyukan bakin iyaka. Duk wadda za ta je ta tambayi halin hanya a ranar, kada ta dogara da labarinmu. Kafin mu tashi dai hali bai bar mu ba: mata biyar suka kwance haɓar zane suka sayi bandar kifi wajen matan bakin tafki, da kuɗinsu na kansu. Wadda ta kai nata kasuwar Lahadi ta ce ta fid da kusan rabin kuɗin tafiyarta. Motar kuwa har Tasawa ƙarni take.

Ga lissafi, kamar yadda ma'aji ta karanta a taro. An tara jika 85. Shatar mota zuwa da dawowa jika 60. Motar ƴan Mayahi zuwa Caduwa da komawa jika 12. Jirgi jika 4, soyayyen kifi da abin haɗawa jika 6, sadakar ziyara jika 1. Jika 2 da suka rage muka ba Baba. Ya ƙi karɓa har sau uku, sai da Gwaggo ta ce ba ladan rai ba ne, na goro ne, sannan ya sa aljihu.

Abin da ya biyo bayan tafiyar shi ne muke so ƙungiyoyi su taya mu dubawa. Washegari da muka fita, kududdufin bayan unguwarmu ne ya fara tsone mana ido. Shekara nawa muna wuce shi. Ramin masu tubali ne, kowace rani ana ƙara haƙa shi, kowace damina ya cika, gefensa a tsaye kamar bango, kuma nan ƴaƴanmu ke wuni muna wajen sana'a. Da aka buɗe maganar a taro, sai ga shi kusan kowace ta san gidan da aka yi rashin yaro a irin wannan ramin, a Tasawa ko a ƙauyensu, an ce ƙaddara an yi shiru. Ƙaddara gaskiya ce, amma mun ga yadda sanda guda ta raba yarinya da ita da iznin Allah. Malama ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. Ta ce a Bangaladash, inda ruwa ya yi musu yawa, matan ƙauye ne ke tara ƙananan yara a gida ɗaya daga safe zuwa azahar, lokacin da iyaye ke cikin aiki, ana biyan mai kula da su ɗan wani abu, manyan yara kuma a koya musu iyo a wurin da aka killace.

Mun yi zama biyu a kai, ba mu gama ba. Wasu sun ce a yi shingen ƙaya a gefen da ya fi zurfi kafin damina. Wasu sun ce awaki da masu neman itace za su kwashe shi cikin mako guda, gara a je lameri a nemi a cike ramin. Wata da mijinta ke buga tubali ta ce in an cike, a ina za su ci, kuma ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka amince da shi zuwa yanzu biyu ne: za a aje doguwar sanda da bido biyu ɗaure da igiya a gidan da ya fi kusa da kududdufin, sannan daga watan Yuli zuwa Satumba za a gwada tara yara ƙanana a gidan Gwaggo da safe, kowace uwa ta ba da dala goma a mako. Gwaggo ta ce ta yarda, in dai za a haɗa ta da budurwa ɗaya mai gudu. Ƴan Mayahi sun ce za su kai maganar taronsu su aiko mana da abin da suka yanke.

Yarinyar ta warke sarai, ta koma lakol. Uwarta ta hana ta taɓa wayar yayanta har sai Salla. Ranar zubin da ya wuce ta kawo mana ruwan sha, ta tsaya bakin ƙofa tana murza gefen hijabi, ta ce: “Inna, in za a koma, a ce ma Baba ya koya mini iyo.” Ma'aji ta jefe ta da takalmi, bai same ta ba.